Daga Aci-balbal zuwa Ƙwai Mai Tsimin Wuta: Dokar Hukuma da Tarihin Fitila a Ƙasar Gummi

Gabatarwa

Abin da wannan takarda take ƙoƙarin dubawa shi ne wata tambaya da ta daɗe tana jawo gardama a ƙasashen Turai da Amurka, amma ba a faye tattauna ta da Hausa ba, watau ko ya dace hukuma ta shiga ɗakin mutum ta zaɓar masa irin ƙwan lantarkin da zai kunna. Mun ɗauki ƙasar Gummi, tare da maƙwabtanta Anka da Bukkuyum, a matsayin wurin gwada wannan tambaya, domin a ganinmu ba a sanin ƙarfin doka a babban birnin da aka rubuta ta, sai an bi ta zuwa garin da yake can ƙarshen waya. Za mu nuna cewa fitilar gidajen Gummi ta sauya kama sau da yawa cikin shekaru ɗari, cewa dokokin Nijeriya ba su taka rawar da ake zato ba a wannan sauyi, kuma cewa dokar da ta fi shafar mutanen Gummi a Ƙasar Sin da Turai aka kafa ta, ba tare da an yi tunaninsu ba.

Kafin zuwan lantarki

Kakanninmu da man gyaɗa ko man kaɗe suke ganin haske, a zuba shi a ƙaramin kasko, a murɗa auduga a yi lagwani. Almajirai kuwa da wutar kara suke karatun dare, kowa ya kawo nasa dami daga daji kafin magariba. Da kananzir ya shigo tare da kamfanonin Turawa, sai aci-balbal ta samu, wadda maƙeran gwangwani suke yi da hannu, sa'an nan fitilar ƙwai, wadda ta zama kayan ɗakin amarya. Babu wani Razdan ko Di'o da ya umarci kowa ya bar man gyaɗa. Mutane sun ga kananzir ya fi haske, kuma gyaɗa ta yi daraja a kasuwa har ƙona manta ya zama asara, sai suka canja da kansu. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya.

Lantarki ya fara a Ikko a ƙarshen ƙarni na 19. A Arewa, En'e ta Kano da ta Katsina suna da injinansu tun kafin a kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a 1950. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka haɗe ECN da hukumar madatsun Kwara a 1972 aka sami NEPA, kuma a 1981 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kai wuta hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. Ta irin wannan hanya ce waya ta riƙa isa garuruwan yammacin tsohuwar Jihar Sakkwato, waɗanda suka koma Zamfara a 1996. Ƙwan da ya zo tare da wayar shi ne mai zare a ciki, irin wanda Edison da Swan suka fitar a wajen 1879. Aikinsa shi ne wuta ta bi ta cikin siririn zaren ƙarfe har ya yi ja ya haskaka, saboda haka fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi take zama, ba haske ba. Duk wanda ya taɓa kwance shi da hannu bayan ya jima a kunne ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Yadda dokar ta samo asali

Ƙasar Kyuba ce ta fara yin abin da gaske. A 2005 da 2006 gwamnatin Fidel Castro ta hana shigo da ƙwai mai zare, ta aika matasa gida gida suna kwance shi suna ɗaura mai lanƙwasa, wanda yake ba da haske daidai da na wat 60 alhali wat 14 ko 15 kaɗai yake sha. Ostareliya ta sanar da nata hanin a 2007. Tarayyar Turai ta janye ƙwai mai zare daga kantuna daki-daki tsakanin 2009 da 2012. A Amurka Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar makamashi a Disamba 2007, aka fara da ƙwai mai wat 100 a 2012, aka gangaro zuwa 60 da 40 a 2014. A can ne gardamar ta fi zafi, har wasu suka riƙa sayen ƙwai suna ɓoyewa a gida, suna cewa an taɓa musu 'yanci. Ƙasar Sin, wadda a masana'antunta ake ƙera mafi yawan ƙwayayen da ake sayarwa a kasuwanninmu, ta hana sayar da mai wat 100 a 2012, mai wat 60 a 2014, mai wat 15 zuwa sama a 2016.

A Afirka ta Yamma Gana ce ta ciri tuta, kuma ba don son muhalli ba, tilas ce ta sa. A 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja da baya, wuta ta yi ƙaranci, sai gwamnati ta sayo ƙwai mai lanƙwasa miliyan 6 ta raba kyauta, tana karɓar tsofaffin. Nauyin da ke kan layi da daddare ya ragu da kimanin megawat 124, watau daidai da gina matsakaiciyar tasha, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na gina tasha ba. A 2008 aka bi da dokar hana shigo da ƙwai mai zare.

Nijeriya ta bi sahu a wajen 2008, inda Hukumar Makamashi ta Ƙasa, tare da Kyuba da ƙungiyar ECOWAS, ta shirya raba ƙwai miliyan ɗaya, akasari a rukunin gidaje da manyan makarantu na birane. A 2013 shugabannin ECOWAS suka amince a Abuja cewa a kawar da ƙwai mai zare kafin 2020. A 2016 kuma tsarin tsimin makamashi na Nijeriya ya ɗiba wa kansa cewa kashi 40 cikin ɗari na gidaje su koma ƙwai mai tsimi kafin 2020, kusan dukansu kafin 2030. Sai dai a lura da lissafi. Gana ta raba miliyan 6 ga mutanen da ba su kai miliyan 25 ba. Mu muka raba miliyan ɗaya ga mutane miliyan 140 na ƙidayar 2006. Ƙaramar Hukumar Gummi kaɗai ta haura mutum 200,000 a wannan ƙidaya.

Abin da dokar ta tarar a Gummi

Kowace doka ta tsimin wuta tana tsaye ne bisa wani zato, cewa magidanci yana biyan abin da ya sha. Bari mu gwada da gida mai ƙwai 5, kowane wat 60, ana kunna su awa 5 kowane dare. Wannan gida zai sha yunit 45 a wata. In aka maye su da ƙwai na zamani mai wat 9, ba zai kai yunit 7 ba. A garin da kowa yake da mita, wannan bambanci kaɗai ya isa wa'azi. To amma a garuruwa irin namu yawancin gidaje sun shekara da shekaru ba su da mita, ana kawo musu takardar kuɗi ne bisa ƙiyasi, ko a yanka wa unguwa kuɗi a raba a tsakanin gidaje. Mutumin da zai biya kuɗi ɗaya ko ya kunna ƙwai ɗaya ko goma, da wane dalili zai sayi mai tsada? Shi ya sa muka taso muna ganin ƙwayaye a ƙofar gidaje suna ci tsakar rana, ba mai kashewa, kuma ba za mu kira wannan jahilci ba, domin lissafin mai gidan daidai yake da halin da aka sa shi. Sayar da kamfanonin rarraba wuta da aka fara a Nuwamba 2013, wanda daga baya ya haɗa da kamfanin Kaduna mai kula da Zamfara da Sakkwato da Kabi, bai warware wannan da sauri ba, har sai da hukumar NERC ta ƙayyade iyakar kuɗin ƙiyasi a 2020, aka kuma fara shirin raba mita na ƙasa a wannan shekara.

Akwai kuma halin wutar kanta. Garin da yake nesa da babbar tasha sau da yawa wuta takan iso masa a raunane. Tsohon ƙwai yana da haƙuri: in wuta ta yi ƙasa sai ya koma ja kamar garwashi, amma yana nan. Mai lanƙwasa kuwa yana da ƙananan kayan lantarki a gindinsa waɗanda ba sa jure hawa da saukar wuta, sai ya yi ta ƙifta ido, ya ƙone. Ga kuma jabu. Kwali ya ce awa 8,000, ƙwai ya mutu cikin 'yan makonni, ga shi an saye shi ninkin-ba-ninkin kuɗin tsohon. Magidancin da aka yi wa haka sau biyu ba zai ƙara sauraron mai shela ba. Aikin hana irin wannan kaya na hukumar SON ne da kwastan, a tashar jirgin ruwa da bakin iyaka, kuma dokar da ta gaza a can ba za a iya gyara ta a teburin ɗan tireda na Gummi ba.

A nan ya kamata mu tsaya kan wani batu da ya shafi wannan yanki fiye da ko'ina. Kowane ƙwai mai lanƙwasa yana ɗauke da zaiba, kimanin miligiram 3 zuwa 5. A Turai an tanadi wuraren mayar da matattun ƙwayaye. A nan bola ake zubarwa, yara su tsinta su fasa. Ba za mu zuzuta abin ba, domin zaibar ƙwai ba kome ba ce in an gwama da wadda masu haƙar zinariya suke ƙonawa don tace shi. Amma a Anka da Bukkuyum ne likitocin MSF suka gano gubar dalma a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da kuma Bagega daga baya, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Al'ummar da ta binne 'ya'yanta saboda ƙurar ƙarfe tana da haƙƙin tambaya kafin a cusa mata wani ƙarfen mai guba da sunan ci gaba. Duniya ma ta dawo kan wannan ra'ayi: a ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2018, an yanke a 2022 cewa a daina ƙera ƙwai mai lanƙwasa na gida daga ƙarshen 2025. Ke nan ƙwan da aka yi ta roƙon mutane su rungume shi a 2008, kafin shekara ashirin shi ma an sa masa ranar tafiya.

Wanda ya yi aikin da doka ta kasa

Duk da haka, wanda ya zaga Gummi da daddare a shekarun nan zai ga farin haske ne a shaguna da masallatai da teburin mai shayi. Tsohon jan ƙwan ya koma hannun masu kiwon kaji, waɗanda zafinsa suke so don ɗumama 'yan tsaki, abin da ya nuna cewa har aibun abu yana da mai nema. Me ya kawo wannan sauyi?

Amsar ita ce ƙwan da ake kira LED. Shuji Nakamura ya fitar da shuɗin haskensa a Japan a 1993, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2014 tare da Akasaki da Amano. Da dokokin Turai da Amurka da Sin suka rufe wa tsohon ƙwai kasuwa, sai masana'antu suka juya ga wannan, suka ƙera shi da yawan gaske, farashinsa ya faɗi, ya biyo hanyar Ikko da Kano ya iso mu. Ba shi da zaiba, kuma yawancinsa yana ba da haske ko da wuta ta yi rauni. Abin da ya fi wannan, yana aiki da batir. Ta tocila mai caji da fitilar Sin ya fara shiga gidaje, har gidajen ƙauyen da ba su taɓa ganin turken waya ba, kuma da aka cire tallafin kananzir a 2016 sai fitilar ƙwai ta koma kayan ado a saman kabad.

Mai ƙaramin janareto shi ne mutum na farko da ya koyi tsimi, domin shi mitarsa galan ce. Injin da ƙarfinsa bai wuce wat 650 ba, ƙwai 10 na tsohon yayi sun cinye shi. Da sabon ƙwai kuwa sai ya haskaka shago, ya juya fanka, ya caja wayoyi. A Satumba 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da mai a jarka ta kuma rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, ba fitila aka nufa ba, amma mai janareto ya ji a jikinsa. Cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023 ya ƙarasa abin. A fahimtarmu waɗannan umarni guda biyu sun tura mutane ga faifan hasken rana fiye da duk wata takardar manufa da aka rubuta a Abuja, kuma faifan da talaka zai iya saye ba ya ɗaukar ƙwai mai wat 60.

Saboda haka muna ganin hukuma tana da haƙƙin sa baki a kan ƙwai, amma ba a ɗakin magidanci aikinta yake ba. Abin da ke cutar mai saye a yau shi ne ƙwan da aka rubuta wa wat 20 alhali bai kai rabin haka ba, da wanda yake dusashewa kafin damina ta fita, da kuma matattun batura na gubar dalma da suke taruwa a bayan gidaje tun da faifan rana ya yawaita. Wannan na ƙarshe, a ƙasar da ta ga abin da ta gani a 2010, shi ne muke roƙon malaman kimiyya da ke wannan zaure su fara aunawa.