Aljabara a Zauren Malam: Baƙon da Ya Daɗe da Zama Ɗan Gida

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗalibanmu, musamman na fannin harshe da adabi, sukan ɗauki aljabara tamkar wani dodo da Bature ya shigo da shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tunanin da ke ƙarƙashin wannan ilimi ya riga boko isowa ƙasar Hausa da Fombina, kuma ta ƙofar rabon gado ya shigo.

Asalin Fannin

Wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa littafinsa na hisabi a Bagadaza, ya gina shi bisa dabaru biyu. Ta farko "jabru", wato ɗori irin na karaya: idan an tauye wani adadi a ɓangare ɗaya na lissafi, sai a cike shi, a ƙara daidai da shi a ɗaya ɓangaren. Ta biyu "muƙabala", wato kwashe abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansa. Adadin da ake nema kuwa ya kira shi "shai'un", ma'ana "abu". Wani babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake. A 1145 aka fassara shi zuwa Latin a ƙasar Sifen, kuma daga "jabru" ɗin nan Turai ta sami sunan fannin.

Shigowarsa Ƙasarmu

Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaid ya ratsa babin fara'il. Mu ɗauka wani makiyayi a Wuro Patuji ta Mubi ya rasu ya bar shanu 32, da mata ɗaya, da ɗa namiji, da 'ya'ya mata biyu. Malam zai fitar wa matar tumuninta, shanu 4, saura 28. Namiji na da rabon mata biyu, saboda haka kaso huɗu ne, kowane kaso shanu 7. Namiji ya ɗauki 14, kowace mace 7.

Ɗan boko zai rubuta 2x + x + x + 4 = 32. Ya tattara masu kama da juna ya sami 4x + 4 = 32, ya kwashe 4 daga kowane ɓangare, ya raba da 4, x ta zama 7. Hanyar ɗaya ce. Malam da baki ya bi ta, ɗalibi da alli.

Ƙasarmu ma ta haifi gwanayen hisabi. Muhammadu Alkashinawi, Bafillacen Katsina, ya rubuta littafi kan dabarun tsara hatimin lambobi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti.

Kammalawa

Matakan ba su da yawa: a sa wa abin nema suna, a haɗa masu kama, abin da aka yi wa dama a yi wa hagu. Wanda ya kuskure mataki a aji maki ya rasa. Wanda ya kuskure shi a zaure haƙƙin maraya ya ci. Ya kamata malaman lissafi su riƙa fara darasin da misalin gado cikin harshen da yaro ya sha a nono, kafin a kai shi ga haruffan Turawa.