Kuɗin da aka kasa bayyana asalinsa: yadda hukumar haraji ta Togo ke kallonsa

A harkar haraji akwai abin da ake kira kuɗin da ba a san asalinsa ba. Shi ne kuɗin da ya shiga asusun banki ko littafin ɗan kasuwa, hukuma ta tambayi daga ina ya fito, mai asusun ya kasa kawo hujjar da za ta gamsar. Idan haka ta faru, hukuma tana iya ɗaukar kuɗin a matsayin ribar da aka ɓoye, ta ɗora masa haraji da tara. Wannan ya shafe mu sosai a Zongon Lome, saboda yadda muka gaji kasuwanci.

Tun kafin a tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari a 1977 a mayar da shi arewacin birni, inda ake kira Agoe-Zongo yanzu, cinikin shanu da goro ya tsayu ne a kan mai gida da dillali. Bafatake ya sauko da dabbobi daga arewa, ya sauka a gidan mai gidansa, a sayar bashi, mai gida ya tsaya jingina, ya tattaro kuɗi ya miƙa wa mai dukiya. Abin da ya rage masa shi ne la'ada. A da kuɗin yana kwana a akwati, ba wanda ya gani. Yau yana bi ta banki ko ta waya, kuma duk abin da ya shiga yana barin sawu. Dillalin da miliyan 40 ta ratsa asusunsa a shekara, wataƙila ko miliyan 2 ba tasa ba ce a ciki. Amma takardar banki ba ta bambance amana da riba, sunansa kawai take nunawa.

Hukumar da ke da alhakin wannan ita ce OTR. An kafa ta da dokar Disamba 2012, ta fara aiki a 2014, ta haɗe ofishin lampo da na duwan wuri guda. Wannan haɗewar tana da muhimmanci, domin wanda ya fito da kaya masu yawa daga tashar jirgin ruwa ta Lome, sannan ya bayyana ɗan ƙaramin ciniki, hukuma ɗaya ce ke riƙe da takardun biyu. Sabon kundin haraji ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2019. A ƙarƙashinsa ƙananan 'yan kasuwa da cinikinsu bai wuce sefa miliyan 60 a shekara ba suna biyan haraji guda da ake kira TPU. Wanda ya haura wannan iyaka sai ya koma tsarin biyan haraji bisa ainihin ribarsa, da cikakken littafin lissafi. To a nan haɗarin yake ga dillali: kuɗin mutane da aka lissafa a matsayin cinikinsa zai iya tsallakar da shi iyakar da bai taɓa kaiwa ba.

Tsarin binciken Togo ya samo asali daga na Faransa. Jami'i yana da ikon neman bayani daga banki da abokan ciniki, sannan ya rubuto wa mutum ya bayyana wasu kuɗaɗe. Akwai wa'adin amsa a jikin takardar. Wanda ya amsa da hujja, ana tattaunawa da shi. Wanda ya yi shiru, ko bai taɓa bayyana kuɗin shigarsa ba, hukuma tana ƙiyasta masa haraji da kanta, abin da ake kira "taxation d'office" da Faransanci, kuma daga nan nauyin hujja ya koma kansa: shi zai tabbatar cewa ƙiyasin ya yi yawa. A ganinmu babu kuskuren da ya kai jefa irin wannan takarda a aljihun riga ana jiran "a ga wani babba".

Bankuna ma suna da nasu wajibi. Umarnin babban bankin BCEAO na 2017 ya ce a kai rahoton mu'amalar tsabar kuɗi da ta kai miliyan 15 ga hukumar CENTIF, mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Rahoton ba tuhuma ba ne, amma yana nufin an rubuta.

Indiya ta tsananta wannan babi. Sashe na 68 na dokar harajinta ta 1961 ya ce duk kuɗin da ya bayyana a littafin ɗan kasuwa ba tare da gamsasshen bayani ba, kuɗin shiga ne na wannan shekarar. Bayan canjin takardun kuɗi na Nuwamba 2016 aka kai harajinsa kashi 60 cikin ɗari, ban da ƙari. Dokar ba ta aiki a Togo, amma tambayoyi uku da kotunan Indiya suka saba yi su ne kowane jami'in haraji zai yi: wane ne ya ba ka kuɗin, yana da ƙarfin da zai ba da irinsa, kuma da gaske an yi mu'amalar? Cewa "ɗan'uwana ne ya ranta mini" ta amsa rabin tambaya ta farko kawai.

Rance, ajiya, rabon gado, kwasar adashi, kuɗin da ɗa ya aiko daga Turai: ba ɗayansu da yake ribar kasuwa. Sai dai kowanne yana bukatar shaidarsa, wato takardar rance mai kwanan wata da sa hannun shaidu, takardar rabon gado, littafin uwar adashi, rasidin aike. Takardar da aka rubuta ranar da aka karɓi kuɗi ta fi wadda aka rubuta bayan jami'i ya yi tambaya nauyi nesa ba kusa ba. Mu da muke karanta aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawon aya a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata sai OTR ta tuna mana ba. Dokar lissafi ta OHADA kuma ta wajabta wa ɗan kasuwa ajiye littattafansa da rasidansa har shekara 10.

Akwai wani wuri da muke yawan sakaci: kuɗin masallaci da na makarantar Islamiyya. Sau da yawa gudummawar gini ko kuɗin maniyyata suna zama a asusun ma'aji na kansa, ko a lambar wayarsa ta Flooz, saboda an yarda da shi. Ranar da aka bincike shi a kan shagonsa, wannan kuɗin zai bayyana da sunansa. Ranar da ya rasu kuwa, magada ne za su tarar da shi. Maganin shi ne ƙungiya ta yi rajista, ta buɗe asusu da sunanta, mutum biyu su riƙa sa hannu, kowace gudummawa a shigar da ita littafi da sunan mai bayarwa da ranar.