Asalin Kalma: Dandali

Bahaushen unguwar 220 Logements da ke Adjamé a Abidjan, in ya ratsa Plateau ya haye gada zuwa Palais de la Culture na Treichville kallon raye-rayen bikin MASA, wanda aka fara a 1993, da ya dawo zai ce 'yan rawa sun girgiza dandali.

Daga Barebari Hausawa suka aro kalmar. A Barbarci, dandal shi ne faffaɗan filin ƙofar fadar Shehu. Matafiyi Heinrich Barth ya ga na Kukawa a 1851, har yau kuma akwai titin Dandal a Maiduguri. Da ta shigo bakin Hausawa sai ta sauka daga fada, ta zama filin da 'yan mata ke gaɗa da farin wata, ko su taka kalangu samari na liƙi.

A wannan fili, ɗan kallo na iya faɗawa fage in kiɗa ya ratsa shi. A zauren Treichville kuwa kujera ce rabonsa, cikin duhu, fitila na kan masu rawa kaɗai. Duk da haka sunan ya dace. A irin wannan dandali TchéTché ta yi fice, ƙungiyar mata zalla da Béatrice Kombé ta kafa a Abidjan a 1997.