Tawayen Rodeshiya da Mudu Biyu na Ingila

Ranar 11 ga Nuwamba 1965, Firayim Ministan Rodeshiya Ian Smith ya zauna a Salisbury, ministocinsa kewaye da shi, hoton Sarauniya na rataye a bango, ya sa hannu a takardar ɓallewar Rodeshiya daga ikon Ingila. Turawan ƙasar ba su kai 250,000 ba, baƙar fata kuwa wajen miliyan 4, kuma manufar ita ce mulki ya dawwama a hannun tsirarun. Tawaye ne ƙiri-ƙiri. Amma tun kafin a kai ga haka, Firayim Ministan Ingila Harold Wilson ya riga ya shelanta cewa ba zai tura soja ba.

Alhali Ingila ba baƙuwar bindiga ba ce. A 1953 ta aika dakaru Guyana, ta tuɓe zaɓaɓɓiyar gwamnatin Cheddi Jagan bayan kwana 133 kacal. A Kenya, lokacin tawayen Mau Mau, ta rataye mutum sama da 1,000, kuma a sansanin Hola an lakaɗa wa fursunoni 11 duka har lahira a 1959. Abin da ciwo: da tawayen ya zama na farar fata, sai lallashi da takunkumi.

A Janairun 1966 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tara shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan wannan batu. Wilson ya ba su tabbacin takunkumi zai durƙusar da Smith cikin makonni.

Smith bai sauka ba sai 1979, bayan yaƙin da ya ci dubban rayuka. A tsakanin nan, a 1969, Ingila ta tura sojojin laima ɗan tsibirin Angila na yankin Karibiyan, mai mutum wajen 6,000, saboda ya ɓalle.