Tarihin Muhawara a kan Ɗafa-goshin Fi'ili cikin Harshen Cek

Cikin harshen Cek akan ɗafa wa fi'ili ɗan guntun lafazi a goshi, sai ya ɗauki ma'anar da ba a furta ta ba. Spát, watau yin barci. Zaspat kuwa, yin barci har a makara. Pít, watau sha. Propít, ƙarar da dukiya wajen shan giya. Ba a ambaci makara ko dukiya ba, amma duk mai harshen ya ji su.

Tun cikin shekara ta 1672 Václav Jan Rosa ya bayyana cikin littafinsa na nahawu yadda fi'ilin Cek ke rarrabe aikin da ya kammala da wanda bai kammala ba. Daga baya masana suka kasa ɗafa-goshin gida biyu: masu sauya ma'ana, da waɗanda aka ce musu holoƙo, watau ba su da wani aiki sai nuna kammalawa. Hujjarsu ita ce, psát rubutu ne, přepsat sake rubutu, kuma yana da takwara mai nuna ci gaban aiki, přepisovat. Amma napsat ba shi da takwara sai psát ɗin kansa. Saboda haka aka ce na- ba ya ɗauke da kome.

Marc Vey, Bafaranshe, shi ya yi wa wannan ra'ayi gardama cikin 1952, sa'an nan Ivan Poldauf ya ƙarfafa batun cikin 1954. Na- yana nufin bisa, rubutu kuwa dama bisa wani abu ake yinsa. Pře- yana nufin ƙetarewa, shi ya sa ya dace da číst, karatu, domin mai karatu ratsa littafi yake yi har ƙarshe. Ma'anar tana nan, sai dai ta saje da ta fi'ilin, kamar farin zare cikin farar riga.

Manazarcin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan. Cikin 1960 F. W. Parsons ya kasa fi'ilin Hausa aji bakwai, inda sha ke zama shanye, saya ta zama sayo. Abin da Hausa ke yi a ƙeya shi Cek ke yi a goshi, kuma bai kamata a ce wa ɗafi holoƙo ba sai an fara duba abin da fi'ilin ya riga ya ƙunsa.