Katarina ta Aragon: Amaryar Yarjejeniya

A Turai ta ƙarni na 15, 'yar sarki tamkar jingina ce tsakanin dauloli. Katarina ita ce autar Fardinan da Isabela, sarakunan Sifen da suka ci Garnaɗa ta Andalus. Tana 'yar shekara 3 aka yi mata baiko da Yarima Arthur na Ingila a 1489, domin ƙasashen biyu su haɗe wa Faransa kai.

An ɗaura aure a 1501, ango ya rasu bayan wata 5. Shekara 7 ta yi a baƙuwar ƙasa cikin ƙunci da bashi, mahaifinta da surukinta suna jayayya kan ragowar kuɗin gararta. A 1509 ƙanen marigayin, Sarki Henry na 8, ya aure ta.

Ta yi ta haihuwa 'ya'yan ba su tsayawa, sai mace ɗaya, Maryamu. Da Henry ya matsu da samun magaji namiji, sai ya nemi ta amince cewa aurensu bai halatta ba tun asali. Ta ƙi, domin amincewa na nufin shegantar da 'yarta. Paparoma ma ya ƙi warware auren, Henry ya raba cocin Ingila da Rum.

Ta rasu a keɓe a 1536, ba ta daina kiran kanta sarauniya ba. A 1553, 'yar da ta tsaya wa ta hau gadon sarautar Ingila.