Jiragen Katakon Norfolk: Yadda Jama'a Suka Ceci Gadonsu

A gabashin Ingila akwai yankin Norfolk, mai koguna da tafkuna marasa zurfi da ake kira Broads. Ruwansu lafau yake. Tafkunan ma aikin hannu ne: binciken Joyce Lambert a shekarun 1950 ya nuna cewa ramuka ne da mutanen da suka haƙa don ɗebo ƙasar da ake ƙonawa kamar gawayi, daga baya ruwa ya cika su.

Shekara da shekaru jiragen katako masu tafiya da iska ne ke jigilar hatsi da kwal a kogunan Bure da Yare. In iska ta ɗauke, sai a tura da doguwar sanda, kamar kwalekwale. Da jirgin ƙasa ya zo, sana'ar ta durƙushe, aka bar jirage suna ruɓewa a bakin ruwa.

A 1949 wasu mutane suka haɗa ƙungiya suka sayi Albion, wanda aka ƙera a 1898, suka gyara shi. Haka kuma a 1996 wata gidauniya ta karɓi ƙananan jiragen da Percy Hunter ya ƙera a Ludham tun shekarun 1930, bayan hukuma ta yanke shawarar sayar da su.

Har gobe ana hayarsu a yi kwanaki ana yawo a kogi. Kuɗin hayar na taimaka wa gyara, shi ya sa masassaƙa ba su rasa magada ba.